Gaskiya ko Jita-jita: Shin Duk Dokta Ɗaya Ne?

A Dirku, garin dabino da kanwa da ke tsakiyar Kawar, idan ciwo ya fi ƙarfin gidan likita na gari sai a ɗauki mara lafiya a nufi Bilma, tafiyar kilomita 40 da ɗoriya. In ya gagari Bilma kuwa sai Agadas, wadda ba a ganinta sai an ratsa Tenere, fiye da kilomita 500 na rairayi. Nijar tana cikin ƙasashen da likita ya fi wuyar samu a duniya. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ko likita ɗaya ga mutum 10,000 ba mu kai ba. Duk da wannan ƙaranci, sunan Dokta ya cika gari. Ana jin sa a rediyo, ana ganin sa a takardar kamfe, yana gaban sunan malamin tafsiri, yana jikin allon kantin magani, yana yawo a saƙonnin WhatsApp tare da maganin da aka ce ba cutar da ba ya warkarwa. Wanda ke zaune nesa da babban asibiti shi ya fi kowa buƙatar sanin abin da ke bayan wannan suna, don shi ne zai ɗanɗana kuɗarsa idan aka yi kuskure.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce duk Dokta likita ne. Wannan jita-jita ce. Mutanen Kawar sun san beza da kantu da kanwa duk daga ƙasa ake samo su, amma beza ta miya ce, kantu na dabbobi ne, kanwa kuma aikinta daban, kuma ba fatake da zai ɗora ɗaya a raƙumi yana zaton ɗayan ne. Haka takardun dokta suke. Akwai ta aiki, wadda likitan mutane da likitan haƙori da likitan dabbobi da masanin haɗa magani ke samu, wato shaidar cewa mutum ya koyi sana'a har an yarda ya yi ta. Akwai ta bincike, wadda a Najeriya ake kira digirin digirgir ko digiri na uku, a Nijar kuma doktora, kuma ana iya yin ta a tarihi ko lissafi ko fiƙihu ko ilimin ƙasa. Akwai ta girmamawa, wadda jami'a ke bayarwa kyauta. Sai kuma ta jabu, wadda ba ta cikin tsarin kowace jami'a amma tana cikin kasuwa.

Akwai kuma ɗaya gefen maganar, cewa duk mai farar riga da ke duba mara lafiya dokta ne. A yawancin gidajen likita na karkarar Nijar, wanda ke riƙe da wurin majo ne, wato ma'aikacin jinya da ya yi shekara 3 a makarantar koyon aikin lafiya, irin ta ƙasa da ke Yamai ko Damagaram. Ba na faɗar haka don in rage masa daraja. Majo da ungozoma su ne ke ɗauke da lafiyar karkara a wuyansu, su ke karɓar haihuwa tsakar dare, su ke yi wa yara rigakafi, kuma majo na kirki ya san iyakar abin da ya koya, ya san lokacin da zai ce a nemi mota. Kiran sa Dokta wajen gaisuwa ba ya cutar da kowa. Wanda ke cutarwa shi ne mai tallan ƙwayoyi a faranti ko a rumfa, wanda bai taɓa zama a aji ba, aka kira shi Dokta ya amsa, ya kuma ɗauki allura. A gari irin Dirku, inda matafiya daga ƙasashe da dama ke yada zango a hanyar Libiya, baƙo ba shi da yadda zai yi ya bambanta su sai an gaya masa.

Masu ɗan karatu kuma suna da tasu jita-jitar, cewa takardar likita da digirin digirgir abu ɗaya ne tunda duk doktora ake ce musu. Ɗalibin likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yana shafe shekara 7 zuwa 8 bayan bak (jarrabawar kammala sakandare), tsakanin aji da asibiti. A ƙarshe yana rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamansa, ya yi rantsuwar likitoci, a ba shi takardar dokta a likitanci. Karatu ne mai tsawo da wahala, amma kundin nasa ƙarami ne, aikin shekarar ƙarshe, kuma manufar takardar ita ce ta ba shi damar duba marasa lafiya. Haka likitan dabbobi da ya fito daga makarantar haɗin gwiwar ƙasashe da ke Dakar, wanda makiyayin raƙuma ya fi buƙata fiye da farfesa goma. Likitan da ke son ƙwarewa a tiyata ko cututtukan yara sai ya ƙara wasu shekaru 4 ko 5. Wanda ke son doktora ta bincike kuwa sai ya yi ta daban.

A nan ne ake yi wa likitocin Najeriya rashin adalci. Nakan ji ana cewa likitan Kano ko Zariya bai kai na Yamai ba, don takardarsa MBBS digirin farko ce. Gaskiya ne a tsarin da Najeriya ta gada daga Ingila ana ƙirga ta a sahun digirin farko: shekara 6 na karatu, sai shekara ɗaya ta aiki ƙarƙashin manyan likitoci. Amma aikin da ta koyar shi ne wanda takardar Yamai ta koyar, bambancin na suna ne da al'adar jami'a. A Amurka takardar likita ana kiranta MD, alhali a Ingila MD takardar bincike ce da likita ke nema daga baya. Har a cikin Najeriya an sha kai ruwa rana tsakanin hukumar kula da jami'o'i da manyan likitoci masu koyarwa, a kan ko takardar ƙwarewa ta isa ko sai an haɗa da PhD. Idan masu abin da kansu suna jayayya, ba abin mamaki ba ne mutumin kasuwa ya rikice.

Wata magana da ta shahara tsakanin matasa ita ce PhD ta ƙasashen Ingilishi ta fi doktora ta ƙasashen Faransanci. A yau mataki ɗaya ne, sai dai tarihinsu ya bambanta, kuma tarihin ne ya haifi ruɗanin. Digirin bincike irin na zamani ya samu gindin zama a Jamus, musamman bayan kafa Jami'ar Berlin a 1810. Amurka ta ɗauka, Jami'ar Yale ta fara bayar da shi a 1861, Ingila kuma sai a 1917 Oxford ta shigo da shi. Faransa ta bi wata hanya, ta kasa abin kashi biyu. Akwai ƙaramar doktora, doctorat de troisième cycle, ta shekara biyu zuwa uku. Akwai kuma babba, doctorat d'État, wadda a fannin tarihi da adabi takan cinye wa mutum shekara goma ko fiye, kuma ita ce ƙofar zama farfesa.

Manyan malaman Nijar na farko ta wannan tsohuwar hanya suka bi. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya samu babbar doktora a kimiyyar fiziks a Faris a 1967, ya dawo ya shugabanci hukumar binciken makamashin rana ta ƙasa daga 1969, daga baya ya riƙe Jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunansa a 1992, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. André Salifou ya fara da bincike a kan masarautar Damagaram a ƙarni na 19, wanda aka buga a 1971, kafin ya yi babban kundinsa a kan mulkin mallaka a Nijar. Djibo Hamani ya fara da tarihin Adar, aka buga a 1975, sannan ya yi babban aikinsa a kan sarautar Abzin, wanda ya fito a 1989. Salifou da Hamani kowannensu sau biyu ya hau dutsen, kuma yau jami'o'in Damagaram da Tawa sunayensu suke amsawa. Wanda ya ce takardar irin waɗannan mutane ba ta kai PhD ba bai san abin da yake faɗa ba. Ta biyun ma ta zarce ta.

A 1984 Faransa ta soke wannan rabo, ta mai da doktora guda ɗaya, ta ƙirƙiro wata takarda ta daban a samanta mai ba malami izinin jagorantar masu bincike. Jami'o'in Afirka masu Faransanci sun daɗe suna tafiya da tsohon tsari kafin su sauya. A 2007 ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su koma tsarin lisansi, masta da doktora: shekara 3, shekara 2, shekara 3. Wato a takarda shekara 8 ne bayan bak, ko da yake rashin kuɗin bincike da yajin aiki da ƙarancin malamai masu duba kundi sukan ja abin ya wuce haka.

Mece ce doktora ta bincike a aikace? Mutum ne ya ɗauki tambaya guda wadda ba a amsa ba, ya zauna ƙarƙashin malami mai jagora, ya karanta abin da na gaba suka rubuta, ya shiga daji ko ɗakin gwaji ko ɗakin adana tsoffin takardu, ya fito da amsa da hujjarta. Sannan wasu malamai, har da na wata jami'a, su karanta, su zaunar da shi su yi masa tambayoyi. Ɗaliban Yamai suna kiran wannan zama sutanans, kuma a tsarin Faransanci a bainar jama'a ake yin sa, dangi da abokai suna zaune. Abin da ya sa takardar take da nauyi shi ne wannan tantancewa ta waɗanda suka fi shi sani.

Daga nan za a ga cewa maganar nan ta “ai Dokta ne, ya san komai” ba ta da tushe. Kundin digirgir rijiya ce mai zurfi da ƙaramin baki. Murray Last, Baturen da ya zama mutum na farko da wata jami'ar Najeriya ta ba PhD, a Ibadan a 1964, a kan daular Sakkwato ya yi nasa. Yusufu Bala Usman ya yi nasa a Jami'ar Ahmadu Bello a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina. A kan waɗannan batutuwa maganarsu abin saurare ce da natsuwa. Amma doktan tarihi ba shi da hurumin rubuta wa mai hawan jini magani, haka likita ba ya zama masanin tattalin arziki don kawai ana ce masa Dokta. Lokacin korona a 2020 mun ga yadda saƙon murya ke zagaya wayoyi da cewa “wani dokta ne ya faɗa”, ba wanda ya tambaya doktan mene ne. Wannan tambaya ba rashin ladabi ba ce, kuma malami na gaskiya ba ya jin haushinta.

Wasu kuma suna zaton farfesa wani digiri ne da ake komawa aji a karanto bayan dokta. Muƙami ne na aiki a jami'a, ana hawa shi da koyarwa da wallafa bincike da yaye ɗalibai. A ƙasashenmu masu Faransanci, majalisar CAMES ce ke tantance malamai daga mataki zuwa mataki, a likitanci da shari'a da tattalin arziki ma har da gasa mai tsanani. Mutane da yawa ba su san a Yamai shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafa ta a 1968 ba, ko da yake mazauninta yana Wagadugu. A Najeriya kowace jami'a ce ke naɗa farfesoshinta, bayan ta aika ayyukan mutum ga masana na waje su duba.

Batun digirin girmamawa shi ne inda nake ganin mutane suka kasu biyu, kuma duk ɓangarorin sun zarce. Wasu na ɗaukar sa daidai da na karatu, wasu na cewa duk na kuɗi ne. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata Katsina digirin girmamawa. Shata bai yi karatun boko ba, amma ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu, ya zuba wa harshen Hausa dukiyar da ɗalibai ke ta rubuta kundaye a kanta har yau. Wasu sun zama daktocin bincike ta hanyar nazarin abin da ya fito daga bakinsa. Da jami'a ta karrama shi, gaskiya ta bi, kuma ta ɗaukaka kanta. Haka Jami'ar Jos ta yi wa Ɗan Maraya. Jama'a suka riƙa cewa Dokta Mamman Shata don ƙauna, kuma ba wanda aka yaudara, domin kowa ya san abin da aka girmama.

Sai dai takardar girmamawa ba ta ba mutum izinin koyarwa a jami'a, ko duba kundin ɗalibi, ko taɓa mara lafiya. Al'adar jami'o'i da yawa ma ita ce mai irin wannan takarda ya bayyana cewa ta girmamawa ce duk inda ya rubuta ta. Ɓarnar ta shigo ne da aka mai da ita hanyar neman gudummawa daga masu kuɗi da masu mulki. Abin ya yi ƙamari har shugabannin jami'o'in Najeriya suka taru a Keffi a 2012 suka amince a daina ba masu riƙe da muƙamin siyasa wannan digiri suna kan kujera. A ƙarƙashin wannan kuma akwai masu shirya biki a zauren otal da sunan wata jami'a da ba ta da aji ko ɗakin karatu, su sa wa mutum riga da hula, su ɗauke shi hoto, su karɓi kuɗinsa.

Cewa ana sayar da takardu gaskiya ne. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna a aji ba, kuma a farkon 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Amma cewa duk takardar da ta fito daga waɗannan ƙasashe jabu ce, wannan zalunci ne ga waɗanda suka sha wahala a manyan jami'o'in gwamnati na Abomey-Calavi da Lome. Kama da wane ba ta wane.

Game da daktocin addini ma akwai magana biyu. 'Yan boko wasu suna raina doktora ta Madina ko Azhar, wasu almajirai kuma suna ganin wanda ya dawo da ita ya wuce duk malaman zaure. Doktora ta waɗannan jami'o'i ta bincike ce cikakkiya, da kundi da jagora da zaman karewa. A Azhar ana kiranta Alimiyya. A cikin Nijar ma akwai Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta buɗe a 1986. Amma ita ma taƙaitacciya ce kamar sauran: wanda ya yi ta a hadisi bai zama gwanin rabon gado ba saboda ita. Kuma ijaza da malamin zaure ke ba almajirinsa bayan shekaru na karatu baki da baki ta girmi duk waɗannan takardu, da ita Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello suka yi abin da suka yi. Akan samu mai riƙe da iri biyu, kamar Sheikh Ahmad Gumi na Kaduna, wanda ya karanta likitanci a Zariya, ya kuma yi doktora a ilimin shari'ar Musulunci a Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka. Ko a kansa, mai saurare yana da haƙƙin sanin da wace hula yake magana a kowane zama.

Tantancewa ba ta da wuya yadda ake zato. A tambayi fannin, a tambayi jami'ar, a tambayi kundin. Kundayen da aka kare a Faransa tun daga 1985 suna da rajista a intanet wadda kowa ke iya dubawa kyauta. CAMES tana da shirin amincewa da takardun makarantu, ma'aikatar ilimi mai zurfi tana duba takardun da aka samo a waje, likitoci kuma suna da hukumar da ke riƙe da sunayen waɗanda aka yarda su yi aiki, a Nijar da Najeriya duka. Mai kundi na gaskiya, da ka tambaye shi a kan me ya yi bincike, sai ka gaji da saurare.

Jita-jitar da ta fi yi mini ciwo ita ce wadda iyaye ke faɗa wa 'ya'yansu ba da mugun nufi ba, cewa wannan karatu na 'ya'yan manya ne a Yamai, na maza ne, na masu furfura ne, ba ruwan ɗan Kawar da shi. Fadji Maina, 'yar Damagaram da aka haifa a 1991, ta kare doktora a ilimin ruwa a Strasbourg a 2016, kuma a 2020 ta fara aiki da hukumar NASA ta Amurka. Agadas tana da jami'arta tun 2014, kuma akwai hukumar ANAB mai ba ɗalibai tallafin karatu. Hanyar tana da tsawo ga yaron da zai bar gida tun yana ƙarami don neman bak, ba na musun haka, amma ba a rufe take ba.

Kuma wannan yanki ya daɗe yana ciyar da masu bincike. Hugues Faure ya yi kundinsa a kan duwatsu da ƙasar gabashin Nijar a shekarun 1960. Philippe Taquet ya yi suna da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da ya tono a Gadufawa. Peter Fuchs ya zauna da mutanen Fashi ya rubuta yadda suke rayuwa da gishiri da dabino. Knut Vikør na Norway ya wallafa tarihin Kawar da gishirinta a 1999. Julien Brachet ya kare doktora a Faris a 2007 a kan matafiya masu ratsa jihar Agadas, kuma Dirku tana tsakiyar aikinsa. Waɗannan mutane sun yi aiki na gaske, sun sha rana, ba na ƙyashin abin da suka samu. Amma Barebari da Tubawa da Buzaye da Hausawan da suka ba su masauki, suka amsa tambayoyinsu, suka nuna musu rijiyoyi, kaɗan ne daga cikinsu za su iya karanta abin da aka rubuta, don da Faransanci ko Ingilishi ko Jamusanci yake, kuma a ɗakunan karatu na nesa.

Tambayoyin da suka rage suna da yawa, kuma ɗan gida ya fi kowa sanin inda suke. Nawa ne ruwan da ke ƙarƙashin Kawar, kuma shekara nawa zai ɗauka idan gari ya ci gaba da girma? Me ke kama dabino, kuma wane iri ne ya fi jure masa? Ina makomar ayarin gishiri tunda manyan motoci sun shigo? Me dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta yi wa kasuwar Dirku, me kuma soke ta a 2023 ya sauya? Kowace ɗaya daga cikinsu ta isa kundin doktora, a ilimin ruwa ko noma ko tarihi ko tattalin arziki. Roƙona ga Jami'ar Agadas da ta Yamai shi ne duk wanda ya yi bincike a Kawar, baƙo ko ɗan ƙasa, a wajabta masa ya ajiye kwafin kundinsa a Bilma da Dirku, da taƙaitaccen bayani cikin Hausa da Barbarci da Tubanci, a kuma karanta shi a rediyon gari.